Kwalaben Nishaɗi

Bijimin noma na sayar na haɗa kuɗin tafiya, kuna ƙanana a lokacin, ba za ku tuna shi ba. Aikin da kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini, ya saka ni a Jidda shi ne shara da goge ƙarafa a wani gidan motsa jiki a unguwar Bani Malik, inda ƙarti ke biyan kuɗi su ɗaga nauyi. Mu a nan sai an biya mutum yake ɗaukar buhu.

Mai horar da su, kowa Kaftin yake ce masa, ya riƙa ba ni wasu 'yan kwalabe in saka wa samarin a jakunkunansu. Na tambayi sunan abin, ya ce munashshiɗat. Kunnen Bahaushe ya ji nishaɗi. Na ce a raina, ashe Larabawa har nishaɗi a kwalba suke saye.

Cikin waɗanda nake kai wa akwai Fahad, ɗan Hajiya Rabi da nake hayar ɗaki a wurinta a unguwar Nuzla. Haifaffen can ne, yana jin Hausa, amma in zai yi ta kamar yana tauna tsakuwa. Saura wata biyu ya shiga gasar ɗaga nauyi. Ran nan ina cin tuwo a wurin uwar, neman suna ya sa na ce ai ni nake kai wa ɗanta nishaɗi.

"Wane nishaɗi, Malam Sale?"

"Munashiɗa, ko me suke cewa."

Ta ajiye ludayi. Ta ce maganin ƙara ƙarfi ne, kuma ƙasar ta hana shi da doka. Ana gwada fitsarin ɗan wasa, in an gani a kore shi, mai kai masa kuwa hukuma ce za ta neme shi. Tsoro ya kama ni, don kafilin da iƙamata, wato takardar izinin zamana, ke hannunsa ɗan'uwan Kaftin ne. In na ƙi aiken zamana ya ƙare, in na ci gaba ina cutar ɗan matar da ke ciyar da ni.

Washegari Kaftin ya miƙo kwalaben, na maida hannuna baya.

"Yalla, Sale."

"Mafi nishaɗi," na ce. Mafi a bakinsu babu ne, kada ku ɗauka yabo nake.

"Halas. Mafi aiki."

Ba a sabunta iƙamar ba. Hajiya ta hana Fahad shiga gasar, shi kuma ya daina gaishe ni, har na bar Jidda in mun haɗu a ƙofa sai ya kau da kai. Wannan ya fi korar yi mini ciwo. Na dawo gida da akwati ɗaya da kwalin dabino, bijimi dai bai dawo ba.

Bara sai ga saƙon murya a wayar yayanku. Fahad ne, ya zo na uku a wata gasa, kuma an gwada shi. Da Hausar nan tasa mai tsakuwa ya ce, "Baba Sale, fitsarina ya ci jarrabawa."