Ƙungiyarmu Sai Gawa Take Taimako

Barka da aiki, ɗan'uwa mai gabatarwa. Ni ce Maman Ladi mai doya, daga Akurba.

Ina kasuwa ciwon ciki ya kayar da ni, aka yi mini tiyata. Asibiti suka ce ba sallama sai mun biya. Maigidana ya je wurin ƙungiyar 'yan garinmu, inda ban taɓa fashin zubi ba. Shugaban ya ce masa, "Yi haƙuri, asusun nan na jana'iza ne."

Sai da ya sayar da mashin ɗinsa na acaɓa aka sallame ni. Ashe da mutuwa na yi, har sa za su yanka.

Jama'a, ku ba ni shawara: in ci gaba da zuba wa mutanen da gawata kawai suke jira?