Ƙwaro Ya Ci Gezata, Ya Bar Ta Ɗanladi

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Mamman mai saƙar kwando daga Suleja, garin da har kwanan baya muke kira Abuja.

Ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Maƙwabcina Ɗanladi, ni na koya masa saƙa da hannuna. Bana tare muka yanko tsumagun geza a bakin rafi ɗaya. Na jingine nawa a rumfa, shi kuwa ya ɗaure nasa ya nutsar a ruwa har kwana bakwai, wai haka kakansa na garin Izom yake yi. Na yi masa dariya, na ce, "Ɗanladi, kwando za ka saƙa ko kifi za ka kama?"

To, yanzu tsumaguna duk sun yi ƙananan huji kamar an soka allura. In na kaɗa su sai wani gari ya zubo, in na lanƙwasa sai su karye. Ranar kasuwar Diko kwandona ya ɓarke a kan wata mai tumatir, ta wanke ni tas. Kwandunan Ɗanladi kuwa garau, har rububinsu ake yi. Ya sayi sabon keke, kullum sai ya kaɗa mini ƙararrawa a ƙofar gida, ni kuwa kamar in haɗiyi zuciya.

Jama'a, ƙwaro ne wannan ko sammu? In ƙwaro ne, mene ne maganinsa? Kada wanda ya ce in je in tambayi Ɗanladi.

Kuma don Allah a sakaya sunayenmu, domin a rediyonsa nake sauraron shirin nan.