Hular da Na Kama wa Inna Kujera da Ita

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Sani Tela ne daga Ƙofar Guga, Katsina.

Watan jiya na ɗauki mahaifiyata za mu Legas ganin likitan ido, muka je Kano hawa jirgi. Ranar nan fasinjoji sun fi kujeru yawa, kujerun kuma ba lamba. Ana buɗe ƙofa kowa ya zuba a guje.

Inna ta ce, "Sani, ruga ka kama mana, ina tafe."

Na samu biyu a gaba, jikin taga. Na ɗora hulata kan ɗaya, yadda muke yi a tashar mota. Sai wani mai kwat ya ture ta ya zauna.

Na ce, "Malam, da mutum a nan!"

Ya ce, "Hula ce ta yanki tikiti?"

Ina leƙa taga, ga Inna can ƙasa ita kaɗai, tana lalube da sanda, ana janye matakala. Na yi ta ihu, da ƙyar aka sauke ni. Jirgi ya tashi da hulata.

Ran Litinin za mu koma. Jama'a ku ba ni shawara: in riƙe hannunta mu rasa kujera, ko in sake ta in ruga?