Minti Uku Gaban Alƙalai

A wurin jiran keke na Ƙofar Doka, Khairat tana bitar takardunta, sai wani dattijo da ke gefenta ya leƙo.

"'Yan mata, gasar masu sabuwar sana'a za ki?"

"E, Baba. Manhaja na yi mai haɗa masu ɗinkin hula da masu saye. Mutum biyar za a ɗauka horo, kuma har da ni, in sha Allahu."

"Haka na ce bara, da injina na busar da tumatir. Minti uku suka ba ni. Na gaida alƙalai ɗaya bayan ɗaya, na tambayi iyali, na tambayi gajiya. Ina cewa 'to, wannan inji', sai ƙararrawa!"

Khairat ta danne dariya. "Bana sai ka bar gaisuwar."

"In tsaya gaban mutane ba gaisuwa? Haifaffen Kwarbai ne ni fa!"

"Ni a bakin ƙofa zan tare su in gaishe su, kafin a danna agogo."

Dattijon ya miƙe zumbur.

"Mai keke, mu biyu ne! Yi sauri, kada alƙalan su riga mu shiga."