Ɗan Farina Ba Ya Cikin Takarda

Assalamu alaikum Malam mai karanta wasiƙunmu. Ni ne Garba daga Zawaciki, ina aiki a wata masaƙa a Bompai.

Bara akawunmu ya ce kowa ya faɗi iyalinsa a rubuta, don a riƙa duba su a asibitin ma'aikata. Na ambaci mai ɗakina, da innata, da ƙananan 'ya'yana uku, har da marayun yayana biyu da nake riƙo. Amma ɗan farina, kunya ta hana ni kama sunansa. Kun san al'adarmu.

Makon jiya zazzaɓi ya kayar da yaron. Na ɗauko shi a keke har asibitin. Malamin asibiti ya duba takarda ya ce, "Wannan ba ya cikin iyalinka. Mene ne shi a wurinka?"

Innalillahi! Yaro yana karkarwa a kafaɗata, ni kuma wallahi bakina ya ƙi buɗuwa! Haka muka juya sai asibitin birni, da ƙyar ya rayu.

Jama'a, ku ba ni shawara: kunyar da ta kusa kai ɗa kabari, ina amfaninta?

Malam, ku karanta wannan da ƙarfi kowa ya ji: Habibu ɗana ne.