Kujerun Baya

Kausar da mahaifiyarta Inno da baƙinsu daga Gusau, su tara ne har da yara. Jirgin ruwan shaƙatawa na jiransu a Port Klang, amma a bakin tashar Wangsa Maju ba motar da za ta kwashe su duka, tasi uku kuwa sun fi ƙarfinsu. Sai wani mutum ya tsaya da doguwar mota.

"Hajiya, na ji Hausa. Ina zuwa?"

"Port Klang. Nawa za ka kai mu?" in ji Inno.

"Ku zuba mai kawai."

"Haba Malam, wannan arahar ai abin tsoro ce. Haya kake yi?"

"A'a, karatu nake. Don iyalina na saye ta."

"To ina suke?"

"Bizarsu ce ba ta fito ba tukuna. Ku shigo, yaranku ba sai sun yi shiru ba."

"Za ka yi nadama, wallahi. Faɗa suke kamar kaji."

"Boleh lah, ba komai, Hajiya. Su yi."

Kausar ta shiga, ta ga kujerar jariri a baya, ko ledarta ba a cire ba. Ta gane ba kuɗin mai yake so ba. So yake ya ji hayaniyar yara a bayansa.