Cingam a Kan Maɓallai

A rumfar mai gyaran rediyo, wani dattijo makaɗin fiyano ya karɓi akwatinsa mai sauya muryar kiɗa, yana shafa shi kamar mai zaɓen kankana.

"Ɗana, ina cingam ɗin da ke kan maɓallan?"

"Au, ƙazantar nan? Na kankare ta tas, Baba!"

"Ka kashe ni. Ɗigo ɗaya sarewa ce, biyu jita, uku ganga. Maɓallan nan duk kamarsu ɗaya, wa zai tsaya lalube ana tsakiyar waƙa?"

"Ai ga gilashi a jikin akwatin, komai a rubuce yake."

Dattijo ya kai fuskarsa dab da gilashin, yana ƙanƙance ido.

"Baba, ba ka ganin rubutun ne?"

"Rage murya. Ranar da mawaƙinmu ya sani, ranar zai sallame ni. Kuma gobe muna da wasa."

"To, bari in manna maka sabo."

"Matata ce ta manna waɗancan kafin ta rasu. Yatsuna nata suka sani."

Mai gyara ya durƙusa, ya shiga tona kwandon shara.